Yadda Ake Zaɓa Ko Ɗinka Jakar Ƙirji Ta Madubin Hangen Nesa

Madubin hangen nesa mai ido biyu mai lamba 10x42, wato mai kusanto da abu sau 10 da gilasan gaba masu faɗin milimita 42, yakan auna tsakanin giram 600 da 850. A hannu ba wani nauyi ba ne. Amma ka rataya shi a wuya da siririyar igiyar da kamfani ya haɗo da ita, ka yi tafiyar awa huɗu a daji, za ka gane ba sai kaya ya cika kilo yake gallabar mutum ba. Yana lilo, yana dukan ƙirji, in ka sunkuya ya riga ka isa ƙasa. Nawa na farko haka ya tafi. Na durƙusa bakin rafi zan wanke fuska, ya yi gaba ya daki dutse, tun daga ranar duk abin da na duba da shi sai in ga ya zama biyu.

Maganin wannan matsala daga mafarautan yammacin Amurka ya bazu, mutanen Montana da Aidaho da Wayomin da Kolorado da Alaska. Farautarsu ta hawan dutse ce. Mutum ya hau tudu ya zauna, ya yi ta tace kwari da gangare da madubi har ya hango dabba, sannan ya fara sanɗa, wani lokaci da rarrafe. Wanda zai ɗaga madubi sau ɗari a wuni ba zai ajiye shi cikin jakar baya ba, kuma ba zai bar shi yana reto a wuya ba. Sai suka ɗinka masa ƙaramar jaka da ke zama a tsakiyar ƙirji, maɗaurai huɗu suna riƙe da ita, biyu ta kafaɗu, biyu ta haƙarƙari, duk suna haɗuwa a gadon baya. Kamfanoni irin su Alaska Guide Creations da Marsupial Gear da FHF Gear da KUIU sun yi suna a kanta, masu kyau kuma sukan kai dala 100 ko su haura, kafin a zo maganar kuɗin jirgi.

Ni ban sayi irin waɗannan ba. Wata mai arha na fara yin oda ta intanet, ba ta yi wata biyu ba zif ɗinta ya ci ƙasa ya tsaya. Daga nan na koma wurin wani dattijo mai ɗinkin jakunkunan makaranta da nake kira Baba, muka ɗinka guda uku a jere kafin ta ukun ta zauna. Abin da ke ƙasa shi ne abin da zan duba da zan sayi wata a yau, kuma shi ne abin da zan gaya wa mai ɗinki. Ma'aunina ɗaya ne: ka iya zaro madubin da hannu ɗaya, ba ƙara, ka mayar da shi ba tare da ka kalli ƙirjinka ba. Duk wani ado da aka ƙara, in ya taɓa wannan, a cire shi.

Mataki na farko: auna madubin yadda kake amfani da shi

Kuskuren jakar farko da muka ɗinka a nan yake. Na kai wa Baba madubin a naɗe, ya auna, ya yanka. Da na je daji sai na tarar dole in matse shi kafin ya shiga, in na zaro kuma in sake buɗe shi daidai da idona. Wannan kaɗai ya isa dabba ta wuce.

Saboda haka ka fara saita madubin tukuna. Buɗe shi daidai tazarar idanunka har da'ira biyun su zama ɗaya. Murɗo bakin da ake ɗora ido zuwa inda kake barinsa, a sama in ba ka sa tabarau, a ƙasa in kana sawa. A haka za ka auna abu uku: tsawo daga bakin ido zuwa ƙarshen manyan gilasai, faɗi a wurin da ya fi faɗi, da kauri har da abin murzawa na tsakiya. In akwai ƙusar ɗora shi kan sanda mai ƙafa uku, da ita za a auna. Yawancin masu lamba 8x42 da 10x42 masu miƙaƙƙen jiki tsawonsu yana wajen santimita 14 zuwa 16, faɗinsu 12 zuwa 13. Tsofaffin nan masu kafaɗa, irin waɗanda ake samu a gwanjo, sun fi faɗi sosai kuma ba sa shiga jakunkunan kamfani da yawa, don haka kada ka dogara da lambar da aka rubuta a jikin talla.

Ƙara santimita ɗaya a faɗi, ɗaya a kauri. A tsawo kuwa kada ka ƙara komai. So ake kan madubin ya ɗan leƙo sama da bakin jakar, kamar yatsa ɗaya, yadda hannu zai same shi nan take. Jaka mai zurfi tana sa ka cusa yatsu kana lalube, kuma yatsun a kan gilashin ido suke sauka. In ka riga ka sayi mai zurfi, yanko soso mai tauri ka shimfiɗa a ƙasanta har madubin ya taso. Wasu kamfanoni ma suna haɗowa da irin wannan matashi.

Kafin a taɓa yadi, yi samfuri da kwali da salatif, ka ɗaura shi da tsumma ka yi yawo da shi a tsakar gida. Yara za su yi maka dariya, amma kwali ya fi yadi arha.

Mataki na biyu: tsayar da inda za ta zauna

Saman jakar ya tsaya kamar yatsa huɗu ƙasa da ramin wuya. In ta sauka kan ciki za ta yi ta tsalle in kana sauri, ta kuma tokare ka duk lokacin da ka tsuguna ko ka hau babur. In ta hau sama da yawa haɓarka za ta riƙa bugunta, kuma ba za ka ga inda kake taka ƙafa ba, abin da ba a wasa da shi a ƙasar da ke da macizai. Yi alama da alli a jikin rigarka lokacin da kake gwada kwalin, daga nan ne za a san tsawon maɗaurai.

Mataki na uku: murfi, inda rigimar take

Rabin kyawun jakar nan a murfinta yake, kuma a kansa ne masu yin ta suka fi saɓani.

Tsohon salo shi ne murfin da aka ɗinke ta wajen ƙirji, ana ɗaga shi sama zuwa haɓa. Yana rufe ruwa da ƙura da kyau, domin ya lulluɓe bakin jakar ya sauko ta gaba kamar rufin kwano. Aibinsa shi ne da ka zaro madubi sai ya faɗo ya rufe bakin. Mayarwa sai da hannu biyu, ɗaya ya ɗaga, ɗaya ya saka. In ɗaya hannun yana riƙe da bindiga ko baka ko sanda, sai ka yi ta kokawa da murfi da gefen madubin.

Sabon salo, wanda Marsupial Gear ya yi fice da shi kuma da yawa suka bi, murfin a gaba aka ɗinke shi. Ka ja shi ya kifa waje, nesa da jikinka, ya tsaya a buɗe. Ka zaro, ka duba, ka jefa madubin ciki, ka turo murfin da bayan hannu. In kana cikin sanɗa ma kana iya barinsa a buɗe gaba ɗaya. Wannan na zaɓa, kuma ba na jin zan koma. Sai dai yana da nasa ciwon: gefe biyu na sama sukan bar kafa, ƙura ta shiga ta nan. A Amurka ma masu hawa babur mai ƙafa huɗu a busassun hanyoyi sun yi ta kuka da wannan har kamfanoni suka fito da masu rufaffen gefe. Mu da muke da hunturu ba sai an faɗa mana ba. Jakata ta biyu ba ta da kunnuwa a gefe, na yi tafiyar awa ɗaya kan babur cikin watan Janairu, da na buɗe sai na ga gilasan ido kamar an barbaɗa musu garin masara.

Gyaran da muka yi shi ne ɗinka wa murfin kunnuwa biyu na yadi mai laushi da ke saukowa santimita 3 a kowane gefe, da ƙaramin leɓe a baya wanda ke hawa kan bangon da ke jikin ƙirji. In murfin ya rufe sai ya zama kamar hula a kan jakar. Leɓen nan na baya shi ke hana ruwan da ke gangarowa ta gaban riga shiga ciki.

Sai abin da zai riƙe murfin. Velcro, abin nan mai mannewa, ka manta da shi. Ƙarar ɓare shi a daji da asuba kamar yaga sabon yadi ce, kuma ƙarangiya da zare suna cika shi ya daina kamawa. Zif yana da ƙara, yana buƙatar hannu biyu, yashi kuma yana kashe shi. Saura biyu: maganaɗisu, ko igiyar roba mai ƙugiya.

Maganaɗisu ya fi sauri, ba ka ma neman inda yake, da kansa yake kamawa. Amma ka san abu huɗu game da shi. In ba a lulluɓe shi da yadi mai kauri ba yana yin ƙas idan ya haɗu. Yana tara baƙin yashi mai ƙarfe a bakinsa, sai ka riƙa gogewa. Yana karkatar da allurar kamfas, har da kamfas ɗin cikin waya. Wannan na gani da idona: mun tsaya sallar azahar a daji, na ɗora waya kan jakar ina neman alƙibla, ta nuna mini wani gefe daban, sai da kawuna ya ce, "Kai, ɗan nan, dubi inuwarka mana." Na miƙa hannu nesa da ƙirji, allurar ta juyo. Madubai masu tsada da ke da kamfas na lantarki a ciki su ma abin yana iya shafarsu. Na huɗu kuma ya fi kowanne nauyi: wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya kada ya ɗaura maganaɗisu mai ƙarfi a ƙirji sam.

Igiyar roba da ƙugiya ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Shiru take, ana iya ƙara mata ƙarfi ko a rage da ƙulli ɗaya, in ta saki kuma a canza ta da kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba. Tana dai buƙatar yatsa ya saba da inda ƙugiyar take. A jakata ta uku ita na sa, da ɗan harshen yadi mai tauri a bakin murfin wanda babban yatsa ke kamawa ko a duhu. Na kuma roƙi Baba kada ya ɗinke igiyar a ciki, ya zura ta cikin kafa yadda zan zare ta in sa sabuwa ba tare da an farke ɗinki ba. Rana tana cin roba, ko ta wane kamfani ce.

Mataki na huɗu: jikin jakar

Kamfanonin Amurka yawanci da yadin Cordura mai lamba 500 suke yi. Lambar kaurin zare take nunawa. Mai 1000 ya fi ƙarfi, amma ya fi nauyi da ƙara, kuma ba a buƙatarsa a nan. In ba a samu sabo ba, tsohuwar jakar baya ta gwanjo mai kyau ta isa a farke a yanka, har ma ta fi, domin ta riga ta yi laushi ta daina kwaramniya. Gwajin yadi kuwa mai sauƙi ne: ja farcenka a kai, sannan ka goga shi da busasshen kara. Abin da kunnenka ya ji, kunnen barewa ya ji fiye da haka.

Akwai yadi mai gashi-gashi da wasu ke so saboda ba ya ƙara ko kaɗan. A dajin da ba ƙarangiya wataƙila. A namu, tafiyar minti goma cikin ciyawar kaka ta isa ya koma bushiya, ga shi yana shan ruwa ya daɗe bai bushe ba.

Baba ya so mu yi da fata. "Malam," in ji shi, "fatar akuya ce fa, jikanka ma zai gaje ta." Na ce, "Baba, gaskiya ne, amma gumi fa?" Fata tana shan gumi, tana nauyi, da damina kuma tana fumfuna, ita kuwa fumfuna in ta shiga gilashin madubi ta yi masa zane kamar saƙar gizo, ba ta fita da sauƙi. Muka tsaya a kan fata a kusurwoyin ƙasa kawai, inda ƙaya da dutse ke ci.

Jakar tana buƙatar ƙashi. In bakinta yana lanƙwashewa bayan an zaro madubi, maganar mayarwa da hannu ɗaya ta mutu. Abin da muka yi shi ne yanko fallen roba daga jikin tsohuwar jarka, muka zagaye kusurwoyinsa da almakashi, muka goge bakin da takardar yashi don kada ya huda yadi, muka zura shi a bangon gaba da gefe biyu. Bangon baya ba a sa masa, don ya bi siffar ƙirji. Tsakanin robar da madubi sai soso mai tauri wanda ba ya shan ruwa, irin na tabarmar motsa jiki, kaurin milimita 3 zuwa 5. Soson katifa kada ya shiga, gumi yake sha ya riƙe, bayan sati biyu ba ka son sunkuyar da hanci.

Shafin ciki ya zama yadi mai santsi, mara zubar da zare, mai haske. Hasken yana da dalili: in yashi ya taru za ka gan shi. A kusurwar ƙasa a huda ƙaramar kafa guda a sa mata zobe irin na igiyar takalmi, don ruwan da ya shiga ya samu mafita. Guda ɗaya ta isa, kowace kafa ƙofar ƙura ce.

Bayan jakar, wato inda ke manne da jiki, shi ne wurin da jakunkunan ƙasashen sanyi ba su damu da shi sosai ba. Mu kuwa a watan Afrilu duk abin da ya kwanta a ƙirji zai bar taswirarsa da gumi, wani lokaci har da ƙuraje. Muka ɗinka matasai biyu na raga mai kauri a tsaye, dama da hagu, muka bar kwari mai faɗin yatsa biyu a tsakiya don iska ta ratsa. Bai hana gumi ba, amma ya rage. Wani amfanin shi ne da sanyin asuba ɗumin jiki ba ya saurin kaiwa ga gilashi ya sa shi hazo.

Mataki na biyar: maɗaurai

Ɗamarar nailan mai faɗin milimita 25, irin ta jakar makaranta, ta isa. Kada ka yarda a cusa mata soso mai kauri a kafaɗa. Yana da kyaun gani a shago, amma in ka goya jakar baya a kai sai maɗauri ya hau maɗauri, su yi ta cin fata. Falle ake so, mai kwanciya. Kuma daga saman kafaɗa zuwa gaban hammata kada a sa makulli ko zobe ko ƙulli, musamman a kafaɗar da gindin bindiga ke zama. Duk abin daidaita tsawo a mayar da shi kusa da jikin jakar.

Mahaɗar baya ta zama ƙarama, kamar tafin hannu, ta raga, ta zauna tsakanin allunan kafaɗa. In ta hau kan wuya, nauyin da ka gudu daga gare shi ya dawo.

Maɗauran haƙarƙari su ne ke hana jakar tsalle, don haka dole su kama jiki. To amma ƙirji yana buɗewa in kana haki a hawan tudu. Dabarar ita ce a sa guntun lastik mai ƙarfi, kamar santimita 8, a kowane gefe, a kuma ɗinka ɗamarar nailan a bayansa da ɗan sassauci, yadda in lastik ɗin ya mutu ɗamarar za ta riƙe. Maɗauran kafaɗa kuwa ba a sa musu lastik ko kaɗan, in an sa jakar za ta yi ta rawa sama da ƙasa.

Makullan su zama na roba, ƙarfe yana ƙara kuma yana ƙuna a rana. Sa ɗaya a gefe inda hannu ke kaiwa, yadda da matsawa ɗaya za ka zare jakar ta kai. Za ka cire ta sau da yawa fiye da yadda kake zato, ko don alwala da sujada. Bakin kowace ɗamara a ƙona shi da ashana don kada ya warware, ragowar da ke lilo kuma a naɗe ta a sa mata zoben lastik. A duk inda ɗamara ta haɗu da jaka, ce wa mai ɗinki ya yi ɗinkin akwati da gicciye a ciki, da zaren nailan ko na foliyesta. Zaren auduga gumi yana ruɓar da shi.

Mataki na shida: igiyar tsaro

Ita ce siririyar igiyar da ke haɗa madubin da maɗauran kafaɗa, don in ya kuɓuce daga hannu kada ya kai ƙasa. Wasu suna cire ta saboda tana harɗewa. Ni da na taɓa asarar madubi a bakin rafi ba na cikinsu.

Tsawonta ake saitawa da kyau. Ɗaga madubin zuwa ido, ka ɗaga kai kamar mai duban ƙololuwar bishiya: kada igiyar ta ja. Sannan ka durƙusa ka sake shi: kada ya taɓa ƙasa. Tsakanin waɗannan biyun ne tsawon yake. A ɗaura ta a maɗaurin kafaɗa sama da jakar, yadda in an mayar da madubi za ta kwanta a gefe ba ta faɗa ciki ta naɗe gilashi ba. Kowace igiya ta samu ƙaramin makulli, don ka iya miƙa wa abokin tafiya madubin ba tare da ka tuɓe komai ba. A kunnen madubin kuma da zare mai ƙarfi za a ɗaura, zoben ƙarfe yana cin kunnen a hankali, ga ƙara.

Mataki na bakwai: aljihu, da haƙurin barin su

Nan ne mutane ke ɓata jaka mai kyau. Ka duba hotunan mafarautan Amurka za ka ga an rataya na'urar auna nisa a dama, na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam a hagu, gwangwanin barkonon korar beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai haɗari, a ƙasa, wani har da ƙaramar bindiga. Suna da dalilinsu, wanda ke yawo a dajin Montana ko Alaska inda beyar take dole barkonon nan ya kasance inda hannu zai kai cikin daƙiƙa. Amma kowane ƙari nauyi ne a gaba, kuma faɗi ne. Mai harbi da baka ya fi kowa sanin haka, domin tsarkiya tana wucewa dab da ƙirji ta gefen hannun da ke riƙe da bakan, in ta taɓa aljihu kibiya ta kauce. Mai jan tsarkiya da hannun dama ya bar gefen hagu fayau. Mai harbi a kwance kuma zai ga jaka mai kauri tana ɗaga masa ƙirji daga ƙasa.

Abin da na bari uku ne. Aljihun raga a gefe ɗaya na 'yar kwalbar toka, wadda ake matsawa a ga inda iska ta nufa. Amurkawa sayen irin wannan gari suke yi a kwalba, kawuna kuwa da ƙafa yake tayar da ƙura ya duba. Aljihun raga a ɗaya gefen na usur. Sai siririn aljihu mai zif a bayan jakar na takardar izini da ƙyallen goge gilashi. Ƙyallen nan a ɗaure shi da zare, kuma ya zauna cikin 'yar leda, domin ƙyalle mai ƙura ya fi rashin ƙyalle illa. Ƙurar hunturu tana ɗauke da yashi mai tauri da ke karce gilashi, saboda haka a fara hurewa, a share da burushi mai laushi, sannan a goge.

In kana ganin wata rana za ka so ƙari, sa a ɗinka layi biyu na ɗamara a gefe da ƙasa, a dokare su da ɗinki kowane milimita 38, irin tsarin da sojan Amurka ke amfani da shi. Ƙananan jakunkuna da yawa da wannan awon ake yin su, sai ka maƙala ranar da kake buƙata, ka cire ranar da ba ka so. Waya dai aljihun wando ya fi mata. A lissafina, jaka da madubi da komai in sun haura kilo ɗaya da rabi an yi yawa.

Rigar ruwa ta jakar, wato ɗan yadin lema mai lastik a baki, tana da amfani da damina. A ɗinke ta da igiya a ƙasan jakar don kada ta ɓata.

Mataki na takwas: launi

A jihohin Amurka da dama doka ta wajabta sa lemo mai ƙyalli lokacin farautar bindiga, don kada maharbi ya ɗauki ɗan'uwansa dabba. Kolorado tana neman inci murabba'i 500 sama da ƙugu, Montana 400, shi ya sa ake sayar da jakar a wannan launi, tunda tana rufe wani sashe na rigar. A nan lissafin daban ne. Ka guji yadi mai zanen kakin soja, jawo wa kai magana ne a shingen bincike, balle ga abu ɗaure a ƙirji a wannan zamani na rashin tsaro. Ka guji baƙi da shuɗi, baƙi yana jan zafi, kuma su biyun ne launukan da tsando ke bi, wanda ya taɓa shiga Yankari ko Gashaka Gumti ya san cizonsa. Waɗannan wurare biyu dai ba a farauta a cikinsu, amma masu gadin daji da masu kallon tsuntsaye suna buƙatar jakar kamar kowa. Ruwan ƙasa ko ruwan toka ko kore mai duhu, mara zane, ya wadatar.

Mataki na ƙarshe: gwada ta kafin ka biya cikon kuɗi

Ɗaura ta a gaban mai ɗinkin. Rufe ido, ka zaro madubi da hannu ɗaya ka mayar sau goma, sannan da ɗaya hannun. In ka buɗe ido ko sau ɗaya, akwai gyara, yawanci a taurin baki ne ko a zurfi. Yi tsalle sau biyar. Sunkuya har hannunka ya taɓa ƙasa da murfin a rufe, ka ga ko zai buɗe da nauyin madubin. Yi rarrafe kaɗan, ko da masu wucewa za su tsaya kallo.

Sauran gwajin a gida ne. Cire madubin ka sa farar takarda a ciki, ka rufe, ka zuba ruwa da buta daga sama kamar minti ɗaya, ka duba takardar. Bayan ta bushe, sa baƙin ƙyalle a ciki, ka barbaɗa toka a kai ka kaɗa da mafici, tokar za ta nuna maka kafar da ido bai gani ba. Da dare in gari ya yi tsit, sa wani ya tsaya taku ashirin ya juya baya, ka buɗe ka rufe, ya faɗa maka sau nawa ya ji. Daga nan ka goya jakar baya da kaya a ciki ka yi tafiyar awa ɗaya, ka tuɓe riga ka duba inda fata ta yi ja.

A gwajin dare ne tawa ta uku ta faɗi da farko. Ƙanena ya ce yana jin wani ƙis-ƙis duk lokacin da na motsa, muka yi ta nema har muka gano kan zif ɗin aljihun baya ne ke bugun makulli. Na yanke shi da filaya na ɗaura zare a madadinsa. In ka dawo daga daji, juye jakar ka kakkaɓe, kada ka bar madubin ya kwana cikinta tana da danshin gumi. Da damina ka ajiye shi a wuri mai iska tare da ƙananan ƙunshin nan masu shanye danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Matasan ragar nan na baya kuma, da yau ne, da maɓalli zan sa a maƙala su yadda zan cire in wanke su kaɗai. Na riga na gaya wa Baba, ya ce in kawo ta bayan Sallah.